Ƙaurar Taurari: A Ina Aka Haifi Rana?

Yau a cikin shirinmu na ilmin kimiyya za mu ɗaga kai sama, mu yi magana a kan taurari da yadda su ke barin wurin da aka haife su su koma wani wuri mai nisa. Na sani da jin haka wani zai ce, "Haba malam! Taurari kuma da ƙaura? Ai inda kakana ya ga Kaza da 'Ya'yanta, nan na ke ganinta a daren hunturu, nan kuma jikana zai gan ta." Wannan magana gaskiya ce bisa ga abin da ido ke gani. Amma kwanan ɗan Adam kaɗan ne, sararin sama kuwa faɗi gare shi ƙwarai, har tauraron da ke gudun da ya fi na harsashi sai ya yi kamar a tsaye ya ke shekara dubu. In muka auna al'amarin da shekaru miliyoyi, sai mu tarar taurari matafiya ne, kuma Ranarmu ɗin nan tana cikinsu.

Bari mu fara da gidan da mu ke ciki. In dare ya yi, babu wata, babu hazo, aka fita bayan gari nesa da fitilu, za a ga wani farin zane kamar hayaƙi ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Larabawa suna kiransa Almajarra, Turawa kuwa suna ce masa Hanyar Madara. A shekarar 1610 wani masani na ƙasar Italiya, Galileo, ya duba shi da madubin hangen nesa, ya ga ashe taurari ne rututu ba iyaka, nisa ya sa haskensu ya gauraya. Yanzu an san wannan zane gefen wani babban gungu ne na taurari, waɗanda yawansu ya wuce miliyan dubu 100. Siffarsa kamar faifai ce, da tudu a tsakiya, ga kuma hannuwa masu haske sun fito daga tsakiyar suna naɗewa kamar bayan katantanwa. Irin wannan gungu shi a ke kira galaksi. Wanda ya fara ganin wannan naɗi a jikin wani galaksi dabam shi ne Lord Rosse na ƙasar Ailan, a 1845. A 1951 kuma William Morgan na Amurka ya nuna namu ma yana da irin hannuwan.

Faɗin wannan faifai ya fi ƙarfin awon mil ko kilomita, saboda haka masana su kan auna shi da tafiyar haske. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, watau mil 186,000. Nisan da ya ke ci a shekara shi ne "shekarar haske". To, daga wannan baki na faifan zuwa wancan, shekarar haske wajen 100,000 ce. Rana tana nesa da tsakiya da kimanin shekarar haske 26,000, watau tana can wajen rabin hanya tsakanin cibiya da baki. Harlow Shapley na Amurka shi ya fara nuna, a 1918, cewa ba mu ne a tsakiya ba.

Abu na biyu, faifan juyawa ya ke yi. Bertil Lindblad na ƙasar Suwidin da Jan Oort na ƙasar Holan su suka tabbatar da haka tsakanin 1925 da 1927. Rana tana gudun kilomita wajen 230 a daƙiƙa, duk da haka sai ta shekara miliyan 230 ko kusa da haka kafin ta gama zagaye ɗaya. Watau sa'ad da ta fara zagayen da ta ke ƙarewa yanzu, manyan ƙadangarun nan na da, da a ke kira dainoso, ba su daɗe da bayyana a bayan ƙasa ba. Shekarun Rana miliyan 4,600 ne, ta yi zagaye kamar 20 ke nan tun haihuwarta. Sai dai ku lura, juyawar ba irin ta faifan da ke hannun mace ba ce, wanda ko'ina nasa ke juyawa tare. Kowane tauraro da tasa hanya, kamar dawaki a filin sukuwa mai da'ira. Ko da gudunsu ɗaya ne, dokin da ke layin ciki shi zai riga kewayowa, domin hanyarsa ta fi gajarta. Tauraron da ke rabin nisanmu daga cibiya ya kan yi zagaye wajen biyu kafin mu yi ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa.

To, yaya a ke haifuwar tauraro? A tsakanin taurari akwai manyan gizagizai na iska da ƙura, masu sanyi da duhu. Kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, shi ne ƙarfin da ke sa dutse ya faɗo ƙasa in an jefa shi. Wannan ƙarfin ja shi ke tattara wani sashe na girgijen ya dunƙule, ya matse, ya yi zafi, har wuta ta kama a cikinsa. Ba a haihuwar tauraro shi kaɗai, ɗari-ɗari ko dubu-dubu su ke fitowa daga girgije guda. Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, irin wannan iyali ce. Ido yana ganin shida ko bakwai, amma sun fi dubu, suna nesa da mu da shekarar haske wajen 440, shekarunsu kuwa kamar miliyan 100, watau jarirai ne in an gwada da Rana. Irin wannan iyali ba ya daɗewa a haɗe. In gudun wani ya fi na ɗan'uwansa da kilomita ɗaya tak a daƙiƙa, cikin shekara miliyan guda za su rabu da shekarar haske 3 da 'yan kai. Masana sun lissafta nan da shekara miliyan 250 ko makamancin haka 'ya'yan Kazar za su watse, kowa ya kama gabansa.

Wannan watsewa dai a kan layi guda ta ke, wani ya yi gaba wani ya yi baya, nisansu daga cibiya bai sake sosai ba. Da can masana sun ɗauka iyakar abin ke nan, watau tauraro ya kan zauna a layin da aka haife shi har mutuwarsa. Abin da ya rushe wannan zato shi ne ƙarfe.

Ga yadda abin ya ke. In aka ratsa hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya rarrabu kamar bakan gizo, da waɗansu baƙaƙen layuka a jikinsa. A 1859 da 1860 Jamusawa biyu, Kirchhoff da Bunsen, suka nuna kowane sinadari da irin layukansa, kamar yadda kowace zuriya ke da tsagarta. Ta haka a ke sanin abin da ke jikin tauraro ba tare da an je can ba. A 1925 wata masaniya 'yar Ingila, Cecilia Payne, ta gano galibin jikin taurari iska ce marar nauyi, haidirojin da hiliyam. Sauran abubuwa masu nauyi, irin su ƙarfe da alli da iskar da mu ke shaƙa, 'yan kaɗan ne, kuma a cikin taurari a ke ƙera su, kamar yadda Fred Hoyle da William Fowler da Margaret da Geoffrey Burbidge suka bayyana a 1957. In babban tauraro ya tsufa sai ya fashe, ya watsa abin da ya ƙera cikin gizagizai, taurarin da za a haifa daga baya su gāje shi.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, yawan ƙarfe a cikin gizagizai yana ƙaruwa da daɗewar zamani. Na biyu, wajen tsakiyar faifan, inda taurari suka fi cunkushewa, aka fi haihuwa aka fi mutuwa, can ƙarfe ya fi yawa. In ka nufi baki, ya kan ragu da rabi a kowace shekarar haske wajen 16,000. Tauraro kuwa irin Rana ya kan riƙe ma'aunin ƙarfen da aka haife shi da shi a fatarsa tsawon rayuwarsa. Saboda haka ƙarfen jikinsa kamar harshen garinsu ne a bakinsa: ko ina ya je, da ya buɗe baki a san inda ya fito.

In da taurari ba su ƙaura, da duk maƙwabtanmu masu shekaru ɗaya ƙarfensu ɗaya ne. Haka kuwa a ke gani ga jariran taurarin da ke kusa da mu, waɗanda ba su sami lokacin tafiya ba tukuna, ma'auninsu kusan daidai ya ke. Amma a 1993 Bengt Edvardsson na Suwidin da abokan aikinsa suka auna taurari 189 na unguwarmu, suka tarar tsofaffi sa'o'in juna sun bambanta ƙwarai, wani ya ninka wani ƙarfe sau uku ko huɗu. Har akwai tsofaffin da ƙarfensu ya ninka na Rana sau biyu, alhali gizagizan unguwar nan ko a yau ba su kai wannan ma'auni ba, balle a zamanin da aka haife su. Tun cikin shekarun 1970 Michel Grenon na Janiba ya ce irin waɗannan baƙi ne, daga can ciki suka zo. Tambayar da ta rage ita ce, me ya kawo su?

Amsa ta farko ta fito tun a 1951 da 1953, daga Lyman Spitzer da Martin Schwarzschild na jami'ar Princeton. An riga an lura tsofaffin taurari ba su bin da'ira sosai, tangaɗi su ke yi, su shiga ciki su fito waje, su hau sama su sauko. Mutanen biyu suka ce lalle akwai waɗansu gizagizai masu nauyin Rana dubu ɗari ko miliyan, waɗanda in tauraro ya gifta kusa da su su kan fizge shi kaɗan daga hanyarsa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har tangaɗin ya yi yawa. A lokacin ba wanda ya taɓa ganin gizagizai masu wannan girma, sai a shekarun 1970 aka gano su. Wannan bayani gaskiya ne, amma bai isa ba. Mai tangaɗi kamar ɗan ci-rani ne, ya kan je ya komo, tsakiyar hanyarsa tana nan kusa da gida. Kuma da yawa daga cikin baƙin nan masu ƙarfe ba su tangaɗi ko kaɗan, suna bin da'irarsu lafiya lau kamar nan aka binne cibiyarsu.

Amsa ta biyu tana ga hannuwan nan masu naɗi. Mun ce na ciki ya fi na waje saurin kewayowa. In da hannun taurari ne tsayayyu da ke tafiya tare, da tuni ya nannaɗe kamar zare a jikin mazari, ya ɓace. A 1964 C. C. Lin da Frank Shu suka bayyana cewa hannu cunkoso ne kawai. Ku ɗauki misalin babbar mota mai kaya tana hawan tudu a hankali, ƙananan motoci sun taru a bayanta. Kowace ƙarama ta kan iso, ta rage gudu, ta wuce, wata ta maye gurbinta. Cunkoson yana nan yana tafiya da nasa gudu, motocin cikinsa kuwa kullum sababbi ne. Haka taurari da gizagizai ke shiga hannu su fita. A cikin matsin nan ne gizagizai ke dunƙulewa a haifi sababbin taurari masu tsananin haske, shi ya sa hannuwan ke ƙyalli.

To, tun da hannu yana da nasa gudun zagaye, taurarin ciki sun fi shi sauri, na waje kuwa ya fi su. A tsakani akwai wani layi inda gudun tauraro da na hannu suka yi daidai, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. A 2002 Jerry Sellwood na jami'ar Rutgers a Amurka da James Binney na jami'ar Oxford suka nuna abin da ke faruwa a bakin wannan layi, kuma nan ne gindin maganarmu ta yau.

Ku ɗauki tauraron da ke ɗan ciki da layin. Ya ɗan fi hannun sauri, saboda haka a hankali ya ke cim masa ta baya. Hannun ya fi kewayensa nauyi, sai ya jawo tauraron gaba. Ga abin mamaki: duk abin da ke zagaye, in aka tura shi gaba, hanyarsa buɗewa ta ke yi ya koma babbar da'ira. Sai tauraron ya tsallaka layin ya fita waje. Da ya ke da'irar waje ta fi tsawo, yanzu hannun ya fi shi saurin zagaye, sai ya bar shi a baya. Wanda ke ɗan waje da layin kuwa akasin haka ke samunsa. Hannun ne ke cim masa ta baya, ya jawo shi baya, hanyarsa ta tsuke, ya faɗa ciki. Kamar musaya ce, wannan ya fita wancan ya shiga. Da ya ke gudunsu kusan ɗaya ne da na hannun, jan ya kan daɗe a kansu shekaru miliyoyi ba fizga ba, don haka su kan sauka a sabuwar da'ira sumul, babu tangaɗi. A tafiya guda tauraro ya kan matsa shekarar haske dubu da yawa.

In da hannun zai dawwama, da hannu na gaba zai komar da tauraron inda ya fito, ya yi ta kai da komowa. Amma lissafi ya nuna hannuwa ba su dawwama. Su kan taso, su yi ƙarfi, su narke cikin shekara miliyan ɗari ko ɗaruruwa, waɗansu su taso da wani gudu dabam, layin daidaito ya koma wani wuri. Hannun da ya ɗauko tauraro ya kan watse kafin ya komar da shi, kamar ayarin da ya sauke mutum a zango ya tashi. Can wani hannu ya zo ya ƙara gaba da shi, ko ya komar da shi baya. Babu mai zaɓen inda za shi, sa'a ce kawai ta inda ya ke sa'ad da hannun ya taso.

Ban da hannuwa akwai masu taimakawa. A tsakiyar galaksinmu taurari sun jeru kamar taɓarya, tana juyawa da nata gudu, a 2010 kuwa Ivan Minchev da Benoit Famaey suka nuna inda janta ya haɗu da na hannuwa ƙaura ta kan ƙara sauri. Akwai kuma wani ƙaramin galaksi da aka gano a 1994, a sashen sama da a ke kira Sagittarius, wanda ke ratsa gefen faifanmu lokaci-lokaci yana girgiza shi kamar dutse a cikin tafki.

Shin an gwada wannan magana, ko lissafi ne kurum? Ba mai iya zama ya kalli tauraro shekara miliyan 100, saboda haka an bi hanya biyu. Ta farko kwamfuta. A 2008 Rok Roškar da abokansa a jami'ar Washington suka gina galaksi na lissafi, suka bar shi ya yi ta juyawa shekara miliyan dubu 10, suka tarar wajen rabin taurarin da ke unguwa irin tamu daga nesa suka zo. Ta biyu ƙidaya. A watan Disamba na 2013 ƙasashen Turai suka harba kumbon Gaia, wanda ya auna wuri da motsin taurari fiye da miliyan dubu kafin a rufe aikinsa a watan Maris na 2025. A ƙasa kuma an auna sinadaran taurari dubu ɗaruruwa daga Amurka da Chile da Ostireliya. A 2018 Neige Frankel da abokan aikinta a Heidelberg ta Jamus suka haɗa shekarun taurari da ƙarfensu, suka lissafta cewa cikin shekara miliyan dubu 8 tauraro ya kan matsa kimanin shekarar haske 12,000 daga layin haihuwarsa, wani ciki wani waje.

Yanzu sai tambayar da muka sa a kan shirin. A 1996 Roland Wielen da abokansa biyu a Heidelberg suka lura ƙarfen Rana ya fi abin da ya kamata a samu a unguwar nan shekara miliyan 4,600 da suka wuce. Suka lissafta an haife ta kusa da cibiya fiye da inda ta ke yanzu, da shekarar haske wajen 6,000. Masanan da suka biyo baya sun saɓa a kan adadin, waɗansu sun ce 3,000, waɗansu 10,000 ko fiye, amma galibinsu sun haɗu a kan cewa daga ciki ta fito. 'Yan'uwanta na ciki ɗaya kuwa sun watsu ko'ina a faifan. Ana nemansu ta hanyar gwada sinadaransu da nata, a 2014 kuma Ivan Ramírez na jami'ar Texas ya nuna wani tauraro mai lamba HD 162826, nesa da mu da shekarar haske 110, a matsayin wanda a ke kyautata zaton ɗan'uwanta ne.

Wataƙila wani ya tambaya, yaya duniyarmu ta tsira a cikin wannan doguwar tafiya? Dalili biyu ne. Jan hannun yana faɗa wa Rana da duniyoyinta daidai wa daida, sai su matsa tare kamar mutanen da ke cikin jirgi guda. Sa'an nan tsakanin taurari fili ne fetal. In da Rana ƙwayar gyaɗa ce, da maƙwabcinta mafi kusa wata ƙwaya ce a nesan kilomita kusan 300. Karo bai cika yiwuwa ba.

Amfanin sanin wannan kuwa babba ne. Masana suna son karanta tarihin galaksi daga tsofaffin taurari, wanda kuwa ya ɗauka duk tsohon da ya tarar a gari haifaffen garin ne, tarihin da zai rubuta ba zai yi daidai ba. Dole a fara tambayar kowa inda ya fito. Har wa yau maganar ta shafe mu kai tsaye. Duniya mai duwatsu irin tamu tana bukatar ƙarfe da makamantansa, waɗannan kuwa sun fi yawa a ciki. Amma a cikin ne taurari suka fi fashewa, hasken fashewar kuwa in ya yi kusa yana iya cutar da masu rai. Saboda haka waɗansu masana suna ganin Rana ta sami kayan gini a inda su ke da yawa, sa'an nan hannuwan galaksi suka kawo ta unguwa mai kwanciyar hankali. Ƙarfen da ke cikin jininmu da wanda maƙeri ke bugawa, taurarin waccan tsohuwar unguwa ne da magabatansu suka ƙera shi tun ba a haifi Rana ba.

In kun fita daren nan sama ta yi garau, ku dubi Kaza da 'Ya'yanta, ku ga iyalin da ba su rabu ba tukuna. Tamu Ranar ta taɓa zama cikin irin wannan taro. Iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan yau. Sai wani mako in mun sake saduwa. Ku huta lafiya.